Yadda ake sayar da tsohuwar motar ƙarfi ta Amurka bayan an gama gyaranta

Da mai mota a Amurka nake magana, kuma tun kafin mu yi nisa bari in faɗa maka abin da babu mai son ji: kuɗin da ka zuba a gyara ba shi ne kuɗin motar ba. Ko ka kashe dala 80,000 tsakanin fenti da inji da kujeru da walda, kasuwa babu ruwanta da wahalarka, tambayarta biyu ce kawai, wace mota ce wannan ranar da ta fito daga masana'anta, sannan me kake da shi a hannu da zai gaskata ka. Wanda ya riƙe wannan sauran matakan za su zo masa da sauƙi, wanda kuma ya ƙi to motarsa za ta shekara a gareji yana ta mitar mutane ba su san darajar kaya ba.

Motocin da nake nufi su ne waɗanda Amurkawa ke kira masul ka, matsakaicin bodi amma an cusa masa ƙaton inji V8. Yawanci ana fara lissafinsu daga Pontiac GTO ta 1964, sai su Chevelle SS da Dodge Charger da Plymouth Road Runner da 'Cuda, da su Mustang da Camaro masu manyan injuna. Zamaninsu bai yi tsawo ba, tsadar inshora da dokokin hayaƙi suka fara shaƙe su, tsadar mai ta 1973 ta ƙarasa. Kaga kenan na asali ba su da yawa, kuma duk inda abu ya yi ƙaranci ya yi tsada to jabu ya samu wurin zama. Shi ya sa mai saye yake zuwa da zargi a ransa tun kafin ya gaishe ka, kada ka ji haushi, haka kasuwar take.

Mataki na farko, gano ainihin abin da ke hannunka

Fara da lambar cesis, wato VIN. Sai a 1981 aka daidaita ta ta koma haruffa da lambobi 17, su waɗannan tsofaffin tasu gajera ce, galibi 11 ko 13, don haka in ka zuba ta a Carfax, shafin da ke sayar da tarihin mota, babu abin da zai fito maka, kada ma ka ɓata kuɗinka. Daga 'yan 1968 zuwa sama tana kan dashbod ana hango ta ta gilashin gaba, na baya da haka kuma sai ka duba ginshiƙin ƙofa ko ƙarƙashin bonet.

Wasu kamfanonin lambar kanta tana tona asiri. GTO ta gaske daga 1966 zuwa 1971 da 242 take farawa. A Dodge da Plymouth na 1970 da 1971 harafi na biyar shi ne na inji: R na nufin 426 Hemi, V na nufin 440 mai kafireto uku, U 440 mai kafireto ɗaya, N kuma 383. A Mustang ma harafi na biyar ne, K na nufin 289 mai ƙarfi na tsakiyar shekarun 1960, R na nufin 428 Cobra Jet mai shaƙar iska ta saman bonet, Z kuma Boss 429. Don ka gane nauyin harafi ɗaya, a 2014 an sayar da Hemi 'Cuda ta 1971 mai buɗaɗɗen rufi kan dala miliyan 3.5 a gwanjon da kamfanin Mecum ya yi a birnin Seattle, alhali Barracuda mai ƙaramin inji ta wannan shekarar kusan bodinsu ɗaya, in aka yi musu fenti iri ɗaya aka manna alamu daga nesa ba ka bambancewa.

Chevrolet ce mai ciwon kai. Chevelle SS ta 1966 zuwa 1968 tana farawa da 138, amma daga 1969 zuwa 1971 lambar ba ta faɗin ko SS ce ko Malibu ce kawai, wato Chevelle ta gama-gari, ga shi kuma 'yar 1970 mai injin LS6 454, mai ƙarfin doki 450, ita ce kowa ke hauka a kai. To a nan takarda ce kaɗai za ta cece ka.

Sai injin kansa. Abin da masu saye suka fi tambaya shi ne ko injin da giyabos ɗin su ne waɗanda motar ta fito da su, nambas-machin kenan. Daga 1968 ana buga wani yanki na VIN a jikin inji da giyabos. A Chevrolet ka duba ɗan fili mai laushi da ke gaban kan silinda ta ɓangaren fasinja, ka goge shi da tsumma da ɗan fetur, kada ka sa san-fefa ko burushin ƙarfe wallahi, domin masana ba lambar kaɗai suke kallo ba, har siraran layukan da injin masana'anta ya bari a jikin ƙarfen suke dubawa don su gane ko an goge an sake bugawa. A nan ne kuma za ka ga harufan da ke faɗin irin injin, misali DZ shi ne 302 na Camaro Z/28 ta 1969. Wani lokaci bakanike in ya kai inji a share samansa lokacin obahol sai lambar ta tafi gaba ɗaya. In haka ta faru da taka ka faɗa yadda take, kada wani ya ce maka ya san mai bugawa. Taɓa farantin VIN kuwa, cire shi daga wata mota a manna a wata, laifi ne na tarayya a Amurka, ba maganar tara kawai ba ce har ɗauri ake yi.

Bayan wannan binciken motarka za ta faɗa ɗaya daga cikin ukun nan: ta asali da injinta na asali, ta asali amma an canza mata inji, ko kuma kwaikwayo wato an ɗauki LeMans, Pontiac ta gama-gari mai irin bodin GTO, an yi mata shigar GTO. Akwai kuma restomod, tsohon bodi da sabon inji da burkin zamani da eyakwandishan, ita kasuwarta daban ce, aikin da aka yi ake saye ba tarihi ba. Duk ana sayar da su kuma duk suna da masu so, matsala tana farawa ne in ka kira ɗaya da sunan ɗaya.

Mataki na biyu, tara takardu

Harkar nan kamar sayar da fili ce, ƙasar kowa na ganinta, takardar ake biya wa kuɗi. In Ford ce ko Mercury daga 1967 zuwa sama ka nemi Marti Report, kamfanin Marti Auto Works na Arizona ke bayarwa daga bayanan Ford ɗin kanta, zai nuna maka launin da ta fito da shi da inji da giya da dilan da aka kai mata. In Pontiac ce ka nemi takardun PHS, masu ba da kofin bayanan masana'antar Pontiac, musamman GTO ta 1964 da 1965 da lambarta ba ta bambanta ta da LeMans. Dodge da Plymouth suna da ƙaramin farantin ƙarfe da aka ɗaure a cikin madigadin gaba ta ɓangaren direba, cike yake da lambobin abin da aka sa mata, sannan akwai takardar da ma'aikata suka bi suka haɗa motar wadda sau da yawa suke cusa ta cikin sifirin na kujerar baya ko ƙarƙashin kafet. A Chevrolet ma ana samun irinta a kujera ko a saman tankin mai. In ka ci karo da ita, ko ta yi ja ta yayyage ɓera ya ci gefe, kada ka goge ta kada ka liƙe ta da salatif kada ka kai a yi mata lamineshan, ka zura ta a leda mai kauri ka ɗauki hoto shikenan. Wannan guntuwar takardar za ta iya fin sabon fentinka tsada.

Sai rasit na gyara duka, ka jera su bisa kwanan wata a fayil ɗaya, da hotunan lokacin aiki. Hoton bodi tsirara kafin a fesa fenti ya fi hoton motar tana ƙyalli amfani, saboda shi ne ke nuna ƙarfe ne a ƙasa ko bodi-fila aka lafta.

Tun yanzu kuma ka fito da taitil, takardar mallaka, ka kwatanta lambar da ke jikinta da ta jikin mota harafi bayan harafi. Tsofaffin takardu da hannu ko tafireta aka yi su, ana yawan rikita 5 da S ko 8 da B, kuma gyaran wannan a ofishin DMV, hukumar rajistar motoci ta jiha, yana cin makonni, gara ka yi shi kafin mai saye ya tsaya a kanka. Ka tabbata sunanka ne a kai ba na wanda ya sayar maka ba, miƙa taitil mai sunan wani ba tare da ka mayar da shi naka ba haramun ne a dokarsu. In akwai bashin banki a kanta ka karɓo takardar da ke nuna an biya. Jihohi sun bambanta fa, New York ba ta ba motocin 1972 zuwa ƙasa taitil, rajista ce ake miƙawa, Jojiya ma tsofaffin motoci da yawa ba su da shi. In taka irin wannan ce ka faɗa a talla don mai saye ya tambayi jiharsa me za su karɓa.

Mataki na uku, shirya motar

Nan kada ka zafafa. Ba lokacin sabon fenti ba ne ko canza rim, wannan kuɗin ba zai dawo ba. Ƙananan abubuwa masu ba da kunya za ka bi: fitila da ba ta kamawa, sigina, hon, waifa, agogon mai da ya tsaya cak, ƙofa da sai an buga ta da ƙarfi, ɗigon baƙin mai a ƙasa. Motar da ta daɗe a ajiye fetur ɗin Amurka mai haɗin etanol yana daskarewa a kafireto ya cinye robobi, ka zubar da tsohon mai, a wanke kafireto, a saita sulo, a duba lagireto don kada ta yi ofahitin a gaban baƙo. Ka duba shekarun taya, lambobi huɗu na ƙarshe bayan harufan DOT a gefen tayar, 2318 na nufin mako na 23 na 2018, taya na iya zama da ƙwayarta raɗau amma ta tsufa ta bushe. Ka sa bakanike ya gwada kamfareshan na kowace silinda ya rubuta maka. A wanke ƙarƙashinta amma kada a fesa baƙin fenti a ƙasa ana gobe ɗaukar hoto, duk wanda ya san mota in ya ga ƙasa baƙi wuluk sabo fil abin da zai zo ransa shi ne me ake ɓoyewa.

Mataki na huɗu, sa mata kuɗi

Kuɗin da ake nema a talla ba shi ne kuɗin kasuwa ba, kowa na iya rubuta abin da ya ga dama. Wanda aka sayar za ka nema. Kamfanonin gwanjon motoci irin su Bring a Trailer da Mecum da Barrett-Jackson duk suna barin sakamakon gwanjonsu a buɗe, ka tattaro irin taka, shekara ɗaya inji ɗaya giya ɗaya, waɗanda aka sayar cikin shekara ɗaya ko biyu da suka wuce. Ka lura giyar hannu mai huɗu ta fi otomatik kuɗi a yawancinsu, launin asali ya fi wanda aka canza, mai buɗaɗɗen rufi ta fi mai rufi.

Hagerty, kamfanin inshorar tsofaffin motoci da ke Mishigan, yana da ma'auni hawa huɗu da kusan kowa ke amfani da shi. Lamba 1 ita ce wadda ake kai wa gasa a cikin tirela ba ta taka kwalta, lamba 2 mai kyau ƙwarai, lamba 3 mai kyau da ake hawa, lamba 4 mai aibi a fili. Kowane mai mota gani yake tasa lamba 2 ce, gaskiya kuwa galibin motocin da aka gyara ake hawansu lamba 3 ne, kuma tazarar kuɗi tsakanin hawa biyun ba kaɗan ba ce. Ka samo wani da ba abokinka ba ya duba ya faɗa maka tsakani da Allah. Sannan ka zauna kai kaɗai ka tsayar da kuɗin da ƙasa da shi ba za ka sallama ba, ka rubuta ka ajiye, domin ranar ciniki kai ba ya aiki daidai.

Mataki na biyar, hoto da bidiyo da rubutun talla

Yawancin masu saye ba za su ga motar ido da ido ba sai tirela ta sauke musu ita, don haka hotuna su ne motar. Ka ɗauka da sassafe ko da yamma liƙis, ko ranar da akwai hadari, rana tsaka tana ƙona fenti a hoto. Ka nemi fili babu shara babu wasu motoci, ba ƙofar gidanka ba da lambar gida a bayyane, waɗannan motocin ba su da kariyar zamani, ɓarawo da sukurdireba ya ishe su. Ka zagaye ta duka, ciki, but tare da ɗaga tabarma, inji, kowane faranti da kowace lamba, sannan ka kai ta gareji a ɗaga ta sama a ɗauki ƙasa. Wuraren tsatsa sanannu ne: ƙasan ƙafa, ƙasan but, bayan tayoyin baya, ƙarƙashin ƙofofi, gindin gilashin gaba da na baya. Ka nuna su tun ba a tambaya ba. Hoto 150 ko 200 ba yawa ba ne a wannan harkar.

Bidiyon da ya fi kowane muhimmanci shi ne na tayar da ita da sanyi. Ka fara ɗauka bonet a buɗe, ka ɗora tafin hannunka a kan bututun salansa inda ya fito daga inji don a ga bai yi zafi ba, ka shiga ka taka totur sau biyu ka murɗa makulli, kyamara ta nuna allurar baƙin mai tana tashi, ka zagaya baya a ga hayaƙi ko fari ne ko shuɗi ko babu, duk a ɗauka ɗaya ba yankewa. Kada ka sa kiɗa dan Allah, ƙarar injin suke son ji. Sai bidiyon tuƙi a ji giya tana shiga ɗaya bayan ɗaya a ga burki ba ya ja gefe.

A rubutu ka rage yabo ka yawaita bayani: yaushe ka saya, wa ya yi aikin, wace shekara, me aka canza me aka bari. Agogon tafiyarsu lambobi biyar ne, in ya kai 99,999 sai ya koma sifili, don haka in ba ka da takardar da ta tabbatar to ka rubuta abin da agogo ke nunawa ka ƙara da cewa ainihin tafiyar ba a tabbatar ba. Wani abu da ke saurin tona ɗan koyo, kada ka ce an ɗaga bodi daga firem an gyara alhali Mustang ce ko Charger, su bodi da firem a haɗe suke, Chevelle da GTO ne ake rabawa. Aibi kuma ka faɗe shi da bakinka, kumburin fenti a gefen ƙofa, eyakwandishan ba ya sanyi, rediyo ya mutu. Mu dama addini ya wajabta mana bayyana aibin kaya, a nan kuma har riba yake jawowa, mutumin da ya ga ka nuna masa tabo uku da kanka sai ya yarda da sauran maganarka.

Mataki na shida, ina za ka kai ta

Facebook Marketplace da Craigslist sun dace da mota mai matsakaicin kuɗi, amma ka shirya wa masu tambayar ko tana nan har yanzu su ɓace, da masu son musaya da babur ko kwalekwale. Shafukan tallan tsofaffin motoci irin su Hemmings da ClassicCars.com masu zuwa can sun fi sanin abin da suke nema, sai dai a hankali ake sayarwa.

Bring a Trailer gwanjo ne na intanet, kwana 7, mai sayarwa yana biyan ɗan kuɗin shiga mai saye kuma ya biya kashi 5 cikin 100 a sama, ka duba ƙa'idarsu ta ranar don suna canzawa. In an yi tayi a mintuna biyu na ƙarshe sai a ƙara lokaci, shi ya sa kuɗin yakan yi tsalle ne a rabin awar ƙarshe, kada hankalinka ya tashi in ka ga kwana biyar tana ƙasa. Amma fa can akwai masana da za su ƙura wa kowane hoto ido su ce maka wannan kusar ba ta shekarar ba ce, dole ka zauna kusa da waya duk makon kana amsawa cikin ladabi, in ka yi fushi ko ka yi shiru tayi ya mutu. Kuma kada ka sa ɗan'uwanka ya riƙa tayi don ya ɗaga kuɗi, najashi kenan da aka hana mu, su ma in sun gano korarka za su yi.

Manyan gwanjon ido da ido su ne Mecum a Kissimmee ta Fulorida da Barrett-Jackson a Scottsdale ta Arizona, duka a watan Janairu, sai Mecum na Indianapolis a watan Mayu. Nan masu kuɗi suke taruwa, ga talabijin, mota mai takardu cikakku tana iya wuce tsammani. Amma ka yi lissafi, kuɗin shiga, la'ada, tirela, otal, kuma rana da sa'ar da aka ba ka suna da tasiri sosai, motar da ta hau dandali da safiyar Talata ba ɗaya take da ta yammacin Asabar ba. Barrett-Jackson yawancin motocinsu babu rizab, wato babu ƙaramin kuɗin da ka gindaya, duk inda guduma ta faɗi an sayar ko kana kuka. Ni dai ban ba wanda motarsa ɗaya tilo shawarar ya shiga babu rizab ba.

Akwai dillalai irin su Gateway Classic Cars da Streetside Classics da za su ajiye ta a shagonsu su sayar su cire nasu, ya dace da wanda ba shi da lokaci, ka dai karanta yarjejeniya ka ga wata nawa ka ɗaure kanka kuma inshorar wa ke kanta. Akwai kuma kasuwannin fili kamar Carlisle da Hershey a Pensilbaniya. In jiharka mai dusar ƙanƙara ce ka bari sai bazara, ba mai son gwada mota a titin da aka barbaɗa wa gishiri.

Na san wani zai ce me zai hana in tura ta gida in sayar wa wani Alhaji. Kwastan ɗin Najeriya suna da iyakar shekaru ga motocin da ake shigowa da su, kayan gyaranta babu a kasuwa, masu biyan kuɗin harafin R ko takardar PHS kuma suna can inda motar take. Ka sayar da ita a can ka turo kuɗin.

Mataki na bakwai, mai saye ya zo

Ka fara magana da shi a waya, murya da murya, tambayoyinsa za su nuna maka ko da gaske yake. Ku haɗu a gareji ko wurin jama'a, ofisoshin 'yan sanda da yawa suna da filin da suka ware don irin wannan, kuma kada ka je kai kaɗai. In ya zo da maganaɗisu ko na'urar auna kaurin fenti ko ya turo mai duba mota, ka bar shi, shi ke biya. Wajen gwaji kai za ka fara tuƙawa. Kafin ka ba shi sitiyari ka ga lasisinsa kuma ka tambayi inshorarka ko ta yarda wani ya tuƙa, sannan kana zaune a gefe, makulli ba ya barin hannunka kana waje. Ka tuna masa yawancinsu burkin ganga ne babu ABS, ga ƙarfi kamar hauka, wanda ya saba da Camry zai iya juya ta a kwana ɗaya.

In ya yi tayin raini ka ce albarka cikin murmushi ka nuna masa fayil ɗin sakamakon gwanjo. In kun daidaita ka karɓi kafin alƙalami, a rubuta nawa ne, zuwa yaushe zai cika, kuma ana mayarwa ko ba a mayarwa.

Mataki na takwas, kuɗi

Nan ne ake yanka mutane. Wanda ya ce yana jirgin ruwa ko yana aikin soja a waje, bai ga mota ba bai nemi ragi ba, zai aiko maka da cek da ya fi kuɗin ka tura wa mai tirelarsa ragowar, wannan ɗan damfara ne ka toshe shi. Cek ɗin banki ma ana buga na jabu, kuma banki zai iya nuna maka kuɗin a asusunka kafin ya gano, bayan mako biyu ya janye abinsa, mota kuma ta tafi. In cek ne to ku je reshen bankin mai saye tare a rubuta a gabanka. Mafi sauƙi taransifa daga banki zuwa banki, kuma kada ka yarda da hoton alat ko imel, kai da kanka ka shiga asusunka ko ka kira bankinka da lambar da ke bayan katinka. In mai saye na nesa ne yana tsoro, ku yi amfani da Escrow.com su riƙe kuɗin har mota ta isa, amma kai za ka rubuta adireshin da hannunka, kada ka latsa wanda aka turo maka. Tsabar kuɗi a ƙirga su a cikin banki. Duk tsabar kuɗin da suka haura dala 10,000 banki zai cika fom ya sanar da gwamnati, wannan ba komai ba ne, rarraba kuɗin ƙanana-ƙanana don kauce wa fom ɗin shi ne laifi.

Mataki na tara, miƙa ta

Sai kuɗi sun zauna daram sannan ka sa hannu a taitil. Jihohi irin Ohayo da Pensilbaniya sai a gaban notari, jami'in da ke shaida sa hannu, ake sa hannun, in ka riga ka sa a gida ka ɓata takardar, kuma kada ka goge ko ka soke komai a jikinta. Ku rubuta takardar ciniki kofi biyu mai sunaye da VIN da kuɗi da kwanan wata da cewa an sayar da ita yadda take babu garanti, amma ka sani wannan jimlar ba ta kare wanda ya yi ƙarya a talla. Ka sanar da DMV ka sayar, a Kalifoniya kwana 5 aka ba ka kuma lamba tana bin mota, a New York kuwa cire lambar ake yi a mayar kafin a soke inshora. In ka ci riba sama da abin da ka saya da abin da ka kashe to IRS, hukumar harajin Amurka, na da rabo, in faɗuwa ka yi ba a rage maka komai, ka ajiye kofin rasit ɗinka ka nuna wa akanta. In mai saye na waje ne, 'yan Suwidin da Ostireliya da Jamus suna sayen waɗannan motocin sosai, kwastan ɗin Amurka na son ganin taitil na asali aƙalla awa 72 kafin a fitar da mota, ka bar wakilin jigilarsa ya yi wannan aikin.

Tirela rufaffiya za ka ba shi shawara ya ɗauka, irin ta Reliable Carriers ko Intercity Lines. Ranar lodi ka zagaya motar tare da direba ku rubuta duk wani tabo a takardar ɗaukar kaya, ka ɗauki hoto ta kowane gefe da agogon tafiya, ka bar mai kamar kwatan tanki. Ka rubuta wa direban yadda ake tayar da ita a ɗan kati ka manna a dashbod, taka totur sau nawa, ina cok yake, yadda ake shiga ribas, don kada ya kashe batir ko ya cika ta da mai. Taitil da fayil ɗin takardu kada su bi motar, ka aika su daban ta FedEx ko UPS da sharaɗin sai an sa hannu. Inshorarka kuma ka bar ta da rai har sai tirela ta tashi kuma mai saye ya turo maka shaidar tasa ta fara aiki.